Mun Naɗa Shi Injiniya Tun Bai Gama Rajista Ba

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar ƙanena Danladi, kuma bana ce karon farko da zan yi maganarsa ban ce "bayan gajeruwar rashin lafiya" ba. Danladi shi ya ɗauki ransa, yana aji uku a jami'a, a ɗakin da yake haya a Bomo, kusa da makarantar.

Shi ne na farko a gidanmu da ya shiga jami'a. Ranar da sunansa ya fito, Baba ya ce daga yau babu Danladi, sai Injiniya. Haka muke yi ai, yaro bai gama rajista ba mun naɗa shi. A cocinmu na Sabon Gari, Injiniya. Masu shaguna a unguwar PZ, Injiniya. Fankar maƙwabta ta lalace, a ajiye sai Injiniya ya zo. Ni ma na fi kowa zaƙewa, don ni na goya shi, gani nake rabin digirin nawa ne.

Da ya daina zuwa gida ran Lahadi, sai muka mai da abin alfahari. Mama ta ce kada wanda ya dame shi, karatu ya yi zafi. Daga Sabon Gari zuwa Samaru inda jami'ar take mota ɗaya ce, amma wata uku ban leƙa shi ba. Sai bayan jana'iza abokin ɗakinsa ya gaya mana cewa tun zangon baya ya faɗi jarrabawa, an ce ya bar sashen. Ga damuwa da ta daɗe tana cinsa, mu muna cewa miskilanci ne. Kullum da safe zai yi wanka, ya rataya jaka, ya je gindin bishiya ya zauna har a tashi. To wa zai gaya wa? Duk wanda ya tunkara, kafin ya buɗe baki an ce masa sannu Injiniya.

Yanzu 'yata Saratu tana aji biyu a jami'ar, tana karanta shari'a. Kada ku tambaye ni ko na yi hankali: Barista nake kiranta tun ranar farko. Bara ta rame, ta daina surutu. Can sai na ji ashe duk Laraba tana zuwa wani ofis da ake sauraron ɗalibai masu damuwa, wurin wata mata da take ce wa Anti Rahila.

Bari in faɗa ko za a ce ba ni da kunya: ban yi murna ba, kishi na ji. Na je na ga wurin. Kujeru masu laushi, ƙofa a rufe, lambar waya manne a allon sanarwa ga duk wanda abin ya ishe shi. Yara na shiga suna fita abinsu, wani har yana cin gyaɗa. Na tsaya ina hararar 'ya'yan mutane, ba su ci mini ba, ba su sha mini ba. Ina kujerar nan take lokacin Danladi? Me waɗannan suka fi shi da shi? Na san da yana nan dariya zai yi, ya ce, "Yaya, wato yanzu har ofis ake buɗe wa mutum don ya yi kuka?" Sai ya gama tsokana, ya faki idon mutane, ya shiga.

Kishi na biyu ya fi muni. Na tare Saratu a kicin na ce, "Ni na haife ki. Me matar nan ta sani da ban sani ba?"

Ta ce, "Mama, ita Saratu take kirana."

Wallahi sai da na nemi wurin zama. Da na zauna, na yi tambayar da ba wanda ya yi wa ƙanena. Na ce, "Kin taɓa tunanin abin da kawunki ya yi?"

Ta ce, "Na taɓa. Amma na faɗa, kuma ana taimakona."

Iyaye, tambayar nan ba ta kashe kowa. Ku yi ta, ku rufe baki ku saurara, sannan ku raka yaro wurin waɗanda suka san aikin.

Danladi bai bar digiri ba, bai gyara ko fanka ɗaya ba. Abin da ya bar mini shi ne tsoron da ya fi ƙarfin girman kaina, kuma tsoron nan ya hana ni raba Saratu da ofishin. Ta ce wataƙila ta bar shari'a, na ce to. Har yau ban san abin da take faɗa a bayan ƙofar nan ba, kuma yana cina. Ina kishin Anti Rahila, ba na jin zan daina. Amma duk Laraba ni ce nake buga mata waya in ce, "Saratu, ƙarfe biyu ta kusa, tashi ki tafi."