Ƙwaryar da Na Wanke

Ni ba mai fita ba ce. Tun da aure ya kawo ni Birnin Kudu daga Fagam, in ba biki ko gaisuwar rasuwa ba, ƙafata ba ta wuce zaure. Sana'ata daddawa. A hannun mahaifiyata na gada, tare da wata ƙwarya baƙa ƙirin da ko ita ba ta san shekarunta ba. In an dafa kalwa, an surfe, an wanke, an sake dafawa, a cikinta ake juyewa, a rufe da faifai, a lulluɓe da tsumma, a tura lungun ɗaki har ta nuna. Sabulu bai taɓa shiga cikinta ba. A kankare, a kife, shi ke nan. Haka na ga ana yi, ban taɓa tambayar dalili ba.

Autata tun tana firamare take rigima da warin nan. Ta dawo wata rana baki a gaba, ta ce, "Inna, 'yan ajinmu sun ce hijabina ƙamshin miyar kuka yake."

Na ce, "Gobe ki ce su taho da tuwo."

Ita ce kuwa Allah ya ba karatu a gidan nan, har jami'a, wai ilimin abinci. Na sha yi mata tsiya cewa mu a gindin murhu muka gama namu. Da ta kammala sai wani kamfani ya kira ta aiki a Legas. Yayyenta maza suna Kano suna tuƙin mota, yayyenta mata kowacce na ɗakinta, malam mahaifinsu ya riga mu gidan gaskiya. Ita kaɗai ta rage mini mai shigowa ta ce Inna me aka dafa.

Sai wata malamarta ta ce ta dakata. A gefen jami'ar akwai wani fili da aka jera ɗakuna, rabi wurin gwaje-gwaje, rabi kamar shaguna. Malamai su yi bincikensu, 'yan kasuwa su zo su duba, wanda ya yi musu su ɗauka su kai kasuwa. Aka ba Auta ɗaki ɗaya na ɗan lokaci. In ta sami ɗan kasuwar da ya karɓi aikinta, ta zauna. In ba ta samu ba, a ba wani ɗakin, ita kuma sai Legas. Kuma wai duk abincin duniya, yarinyar nan daddawa ta zaɓa. Akwai wani Alhaji a Kano mai ƙulla kayan miya a leda, yana son garin daddawa mai tsabta, ba yashi, wanda ɗanɗanon na yau zai zama ɗaya da na gobe.

Ta yi ta gwadawa a tukwanen ƙarfe masu sheƙi, abin yana fitowa salam. Rannan ta kira ni a waya. "Inna, ƙwaryar Kaka nake so. Ki taho da ita da kanki, yadda take. Kar ki taɓa ta."

Na ji ta sarai, kunnena ba ya cin amanata. Amma da na ɗauko ƙwaryar na fito da ita rana, sai na gan ta da idon baƙo. Maƙwabciyata, 'yar Kangire ce mai baki, ta leƙo ta katanga.

"Yaya, wannan za ki kai gaban malaman jami'a? Su ce daga ina 'yarki ta fito?"

Mu dai ko ruwa za a ba baƙo, sai an zaɓi kwanon da ya fi haske. Na samo yashi da toka da sabulu, na tafasa ruwa. Na dirje ta ciki da waje, maƙwabciyar tana miƙo mini soso tana cewa ga wani lungu can. Na shanya ta a rana. Ta fito fes, har zanen da mahaifiyata ta yi mata a baki ya bayyana. Na ji daɗi ƙwarai. Don kar ta tsage a mota, na kifa mata faifanta, na naɗe da tsumman nan, na sa a sabon zane.

Wurin ya ba ni mamaki. Ɗaki ɗaya ana matse man riɗi, na kusa da shi samari na haɗa injin busar da tumatir, ga wasu alhazai da manyan riguna suna leƙe-leƙe kamar ranar kasuwar Sara. Auta ta tarbe ni da farar riga har gwiwa. Na kwance zane da alfahari na miƙa mata.

Ta kalli ƙwaryar, ta kai hanci. Ta zauna a kujera ta ce, "Inna, ƙamshin lemo take yi. Ƙamshin sabulu."

Malamar ta shigo, wata doguwa mai sanyin murya. Ta gaishe ni har ƙasa, sannan ta zaunar da ni ta yi mini bayani yadda zan gane. Wai akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, su ke nunar da kalwa, kuma na kowane gida da irin nasu. Namu a jikin baƙin nan suke zaune tun zamanin mahaifiyata. Su suke so su ɗiba su raina.

Na ce, "Malama, kina nufin na kashe su?"

Ta ce, "Kin dai yi musu wankan sallah, Inna."

Na kasa dariya. Legas kawai nake gani. Ina tattara kayana in tafi, sai malamar ta riƙe hannuna, ta ɗauki tsumman da na jefar ƙarƙashin kujera, ta sunsuna, ta yamutsa fuska, sai kuma ta yi murmushi.

"Wannan fa, kin wanke?"

Na ce, "Haba Malama, tsumma ne. Wa zai kalle shi?"

Ta ce da Auta ta kawo almakashi. Suka yanki gefe, suka kankari bayan faifan, suka zuba a 'yan kwalabe. Ta ce ba ta yi alkawari ba, sai abin da Allah ya yi.

Na dawo gida da farar ƙwaryata. Daddawar da na zuba a ciki ta fito ba kai ba gindi. Matan unguwa suka fara aiko yara da tambaya ko hannu na canza. Maƙwabciyata ta daina leƙowa ta katanga, sai dai ta aiko da ƙosai.

Bayan an yi girbin gero Auta ta kira, ta ce halittun da suka ɗiba a tsumman nan sun rayu, da su suka yi garin daddawa. Alhajin Kano ya zo, an kaɗa masa miyar kuka da garin. Wai ya sha, ya ajiye cokali, ya sa hannu a kwanon. Ya ce ta tsohuwarsa ce sak, a fara aiki. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, har kaji suka watse.

Yanzu wurin aikinsu na nan bakin titin Gwaram. Matan Sara da Kangire ke kai musu kalwa, maƙwabciyata ma tana cikin masu tsincewa. Auta na zuwa jami'a ta dawo, magariba a gida take yi mata.

Ranar da ta dawo da kayanta ta miƙo mini wata 'yar kwalba da farin gari a ciki. Ta ce, "Na Kaka ne. Malama ta ce a mayar da su gidansu." Na barbaɗa a kan kalwa, na rufe da faifai. Da na buɗe, warin ya buge ni har na yi hawaye. Auta ta toshe hanci da hijabi tana dariya.

Ƙwaryar ta fara duhu. Ba ta kai da ba tukuna, amma tana hanya. Malamar kuwa duk kaka ina aika mata curi mafi girma, a naɗe cikin tsumma.