"Da Sauƙi" Da Na Ce Wa Likita a Camberwell

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ban ce uffan a shafin nan ba, har wasu sun kira suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau. Jikokina na gani suna tara kaya don mutanen da girgizar ƙasa ta rushe wa gidaje, sai abin ya fama mini tsohon miki. Kusan shekara hamsin ban ba kowa labarin nan ba.

Lokacin da kuɗin mai ya ɓarke a Najeriya ina Landan, ina sayen takalma da yadi ina turawa Kano. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya. Babu wanda ya ɗaga ni, da ƙafata na zo, kuma ba na ɓoyewa.

Ana tsakiyar sanyi aka yi girgizar ƙasa a wata ƙasar Musulmi, can cikin duwatsu. Mutane na kwana a kan ƙanƙara. Ɗalibanmu na Arewa suka tashi tsaye, shugabarsu wata 'yar Zariya mai koyon aikin jinya, Rakiya. Ta same ni a unguwar Deptford ta ce, "Kawu, ɗakin ajiyarka na ƙarƙashin ƙasa muke roƙo, mu tara barguna."

Na ba su. Na kuma tuɓe kwat na shiga aikin, kada a ce ɗan kasuwa ido ne nasa.

Abin da manyanmu suka aiko kuwa, sai wanda ya gani. Mutanen da ke sayen gida a Landan kamar masu sayen goro! Direba zai tsaya da marsandi, ya jefo buhu, ya ce a rubuta sunan Alhaji. Ka kwance buhu, ka tarar kwance ne. Babbar riga da jirwayen goro a ƙirji. Leshi mai huji-huji, wai a kai wa mai makyarkyata a kan dutse. Singileti da ta yi baƙi a hammata. Takalmin mata mai tsini, wari ɗaya. Wani buhun ya shekara a jiƙe, hunhuna ta cinye shi, kana buɗewa ƙura ta turnuƙe ka.

Wani ɗalibi ya ɗaga wata riga da tsinke ya ce, "Wannan ko ɓera ka ba sadaka sai ya biyo ka da ita."

Su ɗaliban da ba su da komai, alawus ɗinsu suka haɗa suka sayo barguna sababbi. Su fito daga aji, su zo su tsaya tsintar ƙazantar attajirai har yamma.

Sati biyu ina shaƙar wannan ƙura a ɗaki mai laima. Tari ya fara. Sai zazzaɓi. Sai suka a haƙarƙarin dama duk sanda na ja numfashi.

Na je asibiti a unguwar Camberwell. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka auna majina, aka ce ciwon huhu ne. Suka kwantar da ni, allura safe da yamma. Zazzaɓin ya ɗan sauka. Likita Bature ya zo zagaye ya tambaye ni yaya jiki.

To me Bahaushe ke cewa? Ko ruwan wankan gawarsa ake ɗorawa, da sauƙi zai ce. Na juya ta da Turancina na ce, "Better," wato na ji dama. Washegari ma "better." Alhali ko kwanciya a ɓarin dama ba na iyawa. Ni a wurina godiya ce ga Ubangiji, kuma namiji ba ya raki gaban baƙo. Shi kuwa rubutawa yake yi.

Suka sallame ni da ƙwayoyi.

Kwana shida ina gidan da nake haya ni kaɗai, iyali na Kano. Ranar da mota za ta kwashi barguna Rakiya ta zo karɓar makullin ɗakin ajiya. Ta same ni zaune a ƙasa, jingine da gado, ina haki.

"Kawu, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Ta kalli leɓena, ta kama hannuna ta ji. "Haka ka ce wa likitan?"

Na gyaɗa kai.

"Innalillahi! Kawu, Bature bai san gaisuwa ce ba. Ya ɗauka rahoto ka ba shi."

Ita da ɗalibai biyu suka cicciɓe ni sai tasi, sai asibiti. Mugunya ce ta taru a ƙirji ta danne huhun. Aka huda tsakanin haƙarƙari aka zura bututu, aka aje kwalba a ƙarƙashin gado. Abin da ya riƙa zuba a kwalbar nan, da warinsa, ni mai shi sai na kau da kai. Na tsorata, ba zan yi ƙarya ba. Na ɗauka a ƙasar mutane za a binne ni.

Likitan ya tsaya a kaina ya ce, "Da ka ƙara kwana biyu, da ba ni za ka gani ba. Me ya sa ka ce mini ka ji dama?" Na rasa Turancin da zan yi masa bayani.

Sati shida na yi a asibiti. Kasuwar Sallah ta wuce ni, kuma har gobe in na hau bene sai na huta a tsakiya. Ɗalibai suka raba ranaku, wannan ya kawo kunu, wancan farfesu. Masu marsandi ko ɗaya bai leƙo ba. Ɗaya ne ya aiko direba da gaisuwa.

Wasiƙar maiɗakina layi ɗaya na riƙe: "Malam, mu ma ai 'da sauƙi' ka rubuto mana."

Barguna sun isa hannun mutanen da girgizar ta shafa. Tsummokaran kuwa motar shara ta hukumar gari ce ta yi ladan kwashe su.

Na gode wa Allah da ya bar ni. Na gode wa Rakiya da yaran nan, rayayyu da waɗanda suka riga mu, Allah ya saka musu.

Ku masu tara kaya, ku rufe hanci, ku buɗe taga, buhun da ya jiƙe ku yar kada ku buɗe. Tari ya wuce sati, a je asibiti. In tsoho za a kai, wani ya bi shi ya tsaya a gefe.

Mai bayarwa, ka tambayi abin da ake buƙata. Abin da ba za ka sa wa ɗanka ba, shara ce, ba sadaka ba.

Kuma maƙwabci in ya gaishe ka, ce masa da sauƙi. Likita kuwa, ɗaga riga ka nuna masa wurin.