A Bakin Rafi Ake Kashe Inji

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ni da wani abokina da ya taso daga Bunguɗu ya kwana a gidana. Tashi dai muka yi, amma ba mu bar ƙofar gida ba sai da gari ya waye sarai, domin a Gusau ta yanzu duk wanda ya hau babur cikin duhu shi ya jawo wa kansa abin da ya biyo baya. Muka zauna a kan dakali muna shan shayi, baburanmu biyu na tsaye a gabanmu, raɓa ta kwanta a kan tankunansu.

Da yawa cikinku kun sha tambayata a kan babur ɗin nan tun da na sa hotonsa. Matsakaici ne. Bai kai manyan nan da ake ƙetare ƙasashe da su ba, ya kuma yi wa na 'yan acaɓa nisa. Dogo ne, kujerarsa a ƙasa, ƙahonsa mai faɗi, mutum yana zama ne ƙafafunsa a miƙe gaba kamar wanda ya kishingiɗa. Silinda biyu gare shi, nauyinsa ya haura kilo ɗari biyu. Na hannu na saya, bayan shekarun da ba zan ƙirga muku ba ina sha'awarsa. Da na kai shi gareji, bakanike ya saurari injin ya girgiza kai, ya ce, "Yallaɓai, irin wannan ba a hawansa shiru." Ya cire salansar da ya zo da ita ya sa wata. Daga ranar, idan na tayar da shi sai tagogin maƙwabta sun amsa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin hakan.

Dalilin tafiyar Gwaggo Tumba ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni ina ƙarami. A tsakar gidanta nake haɗa babur na kara, in sa shi tsakanin ƙafafuna ina zagaye rumbu, ina yin ƙarar injin da bakina. Takan ce, "Ran da ka sai na ƙarfe, ni za ka fara ɗauka." Na yi mata alkawari. Yanzu ta haura saba'in, kuma rabona da ƙauyen shekara huɗu. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, duk ɗan Zamfara ya san dalili. Mako biyu ina neman wayar jikanta babu sabis, sai na ce to, bari ta gan ni kwatsam.

Hanyar Tsafe da safe ba ta da laifi ga irin wannan babur. Idan ya samu kwalta mai kyau yakan kwanta a kanta, ba girgiza, ba gaggawa. Matsalar ita ce kwaltar mai kyau ba ta daɗewa. Ramuka na zuwa ne rukuni-rukuni, kuma da yake cikinsa kusa yake da ƙasa, kowane rami sai ka ji shi a ƙashin bayanka. Manyan motoci sun jeru a gefe suna jiran juna, domin direbobi sun daina son tafiya ɗai-ɗai. Duwatsun Kwatarkwashi suka fito a gefenmu, rana na dukan kawunansu, suna nan yadda na san su tun ina ɗan makaranta. Abin da ya sauya yana ƙasansu. Gonakin bakin titi an yanke gero an ɗaure, dawa ta sunkuyar da kai. Amma idan ka miƙa ido can ciki, inda a da gona ke bin gona har iyakar gani, ciyawa ce ta kai ƙirji.

Shingen bincike huɗu muka wuce kafin Tsafe. A kowanne sai mun kashe inji, mun cire hular kwano, mun nuna takardu. A na uku wani jami'i ya zagaye babur ɗina sau biyu, ya ƙwanƙwasa tankin, ya tambayi ko da fetur yake tafiya ko da albashi. Na ce da duka biyun, kuma albashin ne ke fara ƙarewa. Muka yi dariya tare. Gaskiya ce kuwa: abin da na biya na cika tanki a Gusau, shekaru kaɗan baya da ya kai ni Kano ya dawo da ni. Kuma dole ka cika tun daga gari, don mai a jarka ya zama abin tuhuma.

A Tsafe muka karya kumallo da hoce da ƙuli da shayi mai kauri. Hocen ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Na sayi sukari da sabulu da goro da man shafawa na ciwon gwiwa, na ɗaure a bayan kujera. Mai shayin ya tambayi inda muka nufa, na gaya masa. Ya dubi baburan, ya dube mu da baƙaƙen jaket ɗinmu, ya ce, "Da waɗanga?" Na ce e. Ya buɗe baki kamar zai ƙara magana, sai wani ya kira shi, ya ce mana, "To, Allah shi tsare." Na ɗauke ta a addu'ar da ake yi wa kowane matafiyi.

Muka juyo ta wajen 'Yandoto, muka sauka daga kwalta. A nan babur ɗin ya nuna ba don wannan aka ƙera shi ba. Yashi na jan tayar gaba, nauyin na rinjayar hannu, sau biyu ina dafa ƙasa da ƙafa. Ba mu haɗu da kowa ba sai wata mata da itace a ka, wadda tana hango mu ta yar da itacen ta shige dawa. Abokina ya yi mini alama da hannu, ni kuma na ɗaga kafaɗa.

Kafin a shiga ƙauyen akwai rafi, ruwansa bai wuce idon sawu ba, da wata tsamiya a bakinsa. Na lura a ɗaya gaɓar cewa kowane sawun taya yana da sawun ƙafa a gefensa. Na gani da idona, na kuma fassara shi da cewa yashi ne ke sa masu ƙananan babura sauka. Nawa kuwa yana da ƙarfi. Na saka giya ta ɗaya, na murɗa mai sosai don in haye gangaren, abokina ya biyo ni. Ƙarar ta daki duwatsun da ke bayan gari ta dawo mana. Ta cikin hular kwano na ji wani abu kamar ana dukan ƙarfe da sauri, ban ba shi muhimmanci ba.

Mun shiga garin da hantsi, ba mu tarar da kowa ba. Turmi da taɓarya a ciki, hatsin bai gama dakuwa ba. Tukunya na tafasa a kan murhu. An shanya barkono a kan tabarma, akuya ta hau tana tattakawa. Takalmin roba ƙafa ɗaya a tsakiyar hanya. Na kashe inji, na cire hula, na yi sallama har sau uku. Gidan Gwaggo a buɗe, sandarta a yashe a bakin zaure.

Mutum ɗaya ne ya rage, wani tsoho makaho a gindin bedi, riƙe da guntun rodi. A saman kansa an rataye tsohon wilin mota. Bai motsa ba da ya ji takunmu, sai dai leɓɓansa na motsi da salati.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salam. Ku nawa ne?"

"Mu biyu ne."

"Kunnena ya ƙirga bakwai."

Na faɗa masa sunana da na mahaifina, na ce ni ne yaron da Gwaggo Tumba ta riƙe. Ya ce, "Kai ne na rediyo?" Na ce ni ne. Ya ce, "Muryar taka ce. To kai da kake faɗa muna kullum a kan mi ɓarayin daji suke zuwa, mi ya hana ka kashe a bakin rafi?"

Ya ɗaga rodin ya daki wilin sau uku, a hankali, da tazara. Ya jira, ya sake.

An ɗauki fiye da rabin awa kafin mutane su fara fitowa. Maza suka fara leƙowa daga cikin dawa, sannan mata da goyo, ƙafafu duk ƙaya da ƙaiƙayi. Ba wanda ya zage mu, kuma da an zage mu da ya fi mini sauƙi. Mai unguwa ne ya yi mini bayani, da muryar mai ba da labarin yadda ake shuka. Tun shekara uku da suka wuce, bayan mutanen daji sun afka wa garin karo na biyu, garin ya yanke cewa duk mai shigowa da babur, ɗan gari ko baƙo, zai kashe inji a gindin tsamiya, ya cire duk abin da ya rufe fuskarsa, ya turo da ƙafa. Tsohon nan aikinsa sauraro. Idan ya ji inji ya haye rafi a kunne, ba ya tambaya, wili yake duka, kowa ya bar abin da ke hannunsa. Duk ƙauyukan yankin sun san wannan. Mai shayin Tsafe ma ya sani. Ni da na karanta kalmomin "a kan babura" a cikin labarai sau ba adadi, ban taɓa jin cewa da nawa ake ba.

Aka ƙirga mutane, babu Gwaggo. A wani kwazazzabo bayan gonaki aka same ta. Ta bi sauran mata da gudu ba sanda, ƙafa ta zame, ta faɗa ta gefen ƙugu. Tana jin dukan wilin nan uku na kiran a dawo, amma ta kasa tashi, kuma ba ta yi kira ba don ba ta tabbata su waye a garin ba. A kan ƙyauren ɗaki maza huɗu suka ɗauko ta.

Maɗorin garin ya taɓa wurin, ya janye hannunsa, ya kira ni gefe ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Na hau wani tudu inda ake samun sabis na kira mai mota a Tsafe. Ya ce ko nawa zan ba shi ba zai shigo bayan azahar ba, sai gobe da hantsi.

Da na koma ɗakin Gwaggo na durƙusa, na rasa ta inda zan fara. Ita ta fara.

"Ka rame," in ji ta. "Ina abin?"

"Gwaggo, ki yafe mini."

"Na ce ina abin? Turo shi in gani. Turowa fa, kak ka tada shi."

Na turo shi har bakin ƙofa. Ta miƙo hannu daga kan tabarma ta shafa tankin, ta shafa kujerar baya inda na yi niyyar zaunar da ita, ta daɗe hannunta na wurin. Sannan ta ce, "Ya yi kyau. Amma na kara ya fi shi hankali." Matan da ke ɗakin suka yi 'yar dariya, ita ma ta fara, zafi ya katse ta. Da ta sami numfashi ta ce, "Alkawalin nan na sauke ma shi. Ku tashi ku tafi da rana."

Na so in kwana. Mai unguwa ya ce ni ina iya kwana, amma baburan ba za su kwana ba, domin labarin babura irin waɗannan ba ya daɗewa bai kai daji ba, kuma garin ne zai biya. Muka ajiye sukari da sabulu da man gwiwa, muka kama ƙaho muka fara turawa. Daga gidan Gwaggo zuwa tsamiya bai fi kilomita ɗaya da rabi ba. Ban taɓa sanin nauyin babur ɗin nan ba sai ranar. Yashi ya riƙe taya, gumi ya jiƙa jaket, mutane na tsaye a ƙofofin gidajensu suna ce mana a sauka lafiya. Da muka wuce gindin bedi, tsohon ya juyo da kunnensa wajenmu ya ce, "Yanzu kam biyu ne."

Ko da muka haye rafi ban tayar ba sai da muka ƙara nisa. Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Shingayen nan huɗu suna nan, jami'in da ya yi mini barkwanci da safe ya sake yi, na kasa mayar masa. Mun shiga Gusau ana kiran la'asar. Abokina bai tsaya shan ruwa ba, ya wuce Bunguɗu.

Washegari na koma da mota muka ɗauko ta. Likita ya duba hoton ƙashin, ya ce ƙugun ya karye, kuma a shekarunta da yanayin zuciyarta ba ya ba da shawarar aiki. Na tambaye shi ko za ta sake takawa. Ya ce Allah ne mai iko. Na yi aikin jarida isasshen lokaci da zan gane amsar da aka ba ni.

Kun saba in rufe irin wannan rubutu da shawara a kan taya da man inji da inda ake samun abinci mai kyau. Wannan karon abin da na koyo kaɗan ne. Na zaci abin da ke tsakanina da ƙauyenmu nisan hanya ne, kuma babur mai ƙarfi zai cinye shi. Ashe a shekara huɗun nan mutanena sun koyi wata rayuwa da ban san ko ƙa'idarta ɗaya ba, alhali kullum ina karanta labarinsu da lafazi mai kyau. Idan za ku shiga wani ƙauye a ƙasar nan, ku tambayi inda ake kashe inji, ku kuma jira amsar.

Gwaggo tana gidana yanzu, a ɗakin da ke kallon tsakar gida. Babur ɗin na jikin katanga, na rufe shi da tamfol, yau kwana goma sha tara ban taɓa makullinsa ba. Bakanike ya kira ya ce batirin zai mutu idan ba a tayar da shi, na ce na ji. Jiya da hantsi ina ba ta kunu, wani ɗan acaɓa ya wuce ta bayan gida. Ba ta ma daina haɗiya ba. Hannunta ne kawai ya tafi laluben sanda a gefen gado.