Motar da Aka San Kukanta

Kabo ɗan Tunuga ne, amma a bakin kogin Gaya aka san shi. Tun yana saurayi yake ƙetarar da mutane zuwa Malanbil a jirginsa na katako, ba a taɓa jin ya jiƙa ko buhun gishiri ba. Kafin ya kwance igiya da safe an fara kiran sunansa. Mutum ne da ya saba a neme shi.

Sai Nasara suka fara ginin gada. Kabo ya dubi ginshiƙai suna fitowa daga ruwa, ya gane abin da sauran masu jirage suka ƙi ganewa. A daidai lokacin aka sauya kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, aka sa tsohuwar jif ɗin bariki a gwanjo, mai rufin tanti, wadda ba ta san bambancin hanya da gonar mutane ba. Kabo ya sayar da jirgi, ya haɗa da shanun da ya gada, ya saye ta. Babu wanda ya taya tare da shi, ya ce sa'a ce. Matarsa Yalwa ta ce ita ba ta taɓa ganin sa'ar da duk Gaya za ta bar wa mutum guda ba.

Niyyarsa ya riƙa ɗauko ƴan kasuwa daga ƙauyukan da kamiyo, babbar motar kaya, ba ya shiga. Da ya iya tuƙi, ya nufi Zabori ranar jajibirin kasuwa. Ya tarar da tukwane a kan wuta, awaki a ɗaure, gari ba kowa. Wani tsoho da ƙafa ta hana shi gudu ya yi masa bayani cikin ladabi: an ji kukan motar lanho, wato haraji. Shekara da shekaru wannan jif ce ke kawo gardawa, dogaran kumandan, karɓar kuɗin kai da ɗibar samari aikin soja, kuma tana da wani tari da ko jaki ya haddace.

Kabo ya shafe ta da shuɗin fenti. Fenti bai taɓa tarin ba. Ya kai ta wurin mai gyara a Malanbil, mutumin ya ci kuɗinsa, ya ce da tarin aka ƙera ta. Daga nan ya koma ajiye ta bayan gari, ya shiga da ƙafa neman fasinja. Sukan biyo shi da kaya a ka, da sun hango ta sai kowa ya tuna da wani uzuri. Wata mata kaɗai ta faɗi gaskiya. Ta nuna kujerar baya ta ce nan ta yi wa ɗanta ganin ƙarshe, ba za ta ɗora albasarta a wurin ba.

Aka buɗe gada. Yalwa ta fara soya kifi tana ciyar da gida, jif na tsaye a ƙofa, kaji na kwana ƙarƙashinta. Kabo ya yi ta cigiyar mai saye har ya gaji, sannan Labo ya zo, wakilin sarkin yanki mai tara lanho. Bai dubi taya ba, bai buɗe inji ba. Ya ce a tayar da ita. Ya saurara ido rufe, ya gyaɗa kai.

"Kada a gyara mata komi, Malam Kabo. Amma kai za ka riƙa tuƙawa, don kai kaɗai take ji."

Kabo ya dubi matarsa, ya dubi rumbu, ya amince.

Fitarsu ta farko Tunuga ce. Tun daga nesa ya hango mutane na watsewa cikin gero, a bayansu wata tsohuwa na ɗingishi. Ya san ɗingishin. Ya tsayar da mota, ya sauka, ya bi ta har bakin gona.

"Inna, ni ne."

Gero ya ɗan motsa.

"Na san kai ne," in ji ta, ba ta fito ba.

Ya daɗe tsaye, har Labo ya danna masa oda. Ya koma ya kama sitiyari.

Kabo ya yi shekaru yana wannan aiki, kuma ba a taɓa samunsa da laifi ba. Da la'asar yakan je bakin kogi ya zauna inda yake ɗaure jirginsa da. Mutane na wucewa ta sama, a kan gada. Wanda ya gane shi yakan gaishe shi da girmamawa, ya ƙara sauri.