Kashi na ƙarshe da na kai wa Baba Onklou

Lokacin da nake sayar da nama kusa da Gare, tashar jirgin ƙasa, a Parakou, Baba ya zo daga Djougou jinyar ƙafa, ya zauna wurina a unguwar Kpébié. Duk Lahadi bayan la'asar tele na nuna wani fim na ɗan sandan ciki kashi-kashi, tsohon fim ne na Turawa da aka juya zuwa Faransanci. Baba ba ya jin Faransanci, ni kuma firamare kawai na yi, amma ni ne tafintansa. Sai ya miƙe ƙafar a kan tabarma, ni ina gefe ina juya masa magana da sauri. In na tsaya yakan zungure ni da gwiwar hannu.

"Kai, me ya ce?"

"Baba, bai ce komai ba tukuna."

"To me ya sa matar take kuka?"

Tun farkon fim ɗin an kashe ƙanen ɗan sandan, kuma duk wanda ya kama, ba shi ne mai kisan ba. Baba ya ƙulla wannan a ransa. Shi ma ya rasa ƙane a hanyar fataucin goro, ba a taɓa gano abin da ya same shi ba.

Kafin a nuna kashi na ƙarshe ƙafa ta yi sauƙi, ya koma gonarsa a Onklou, wani ƙauye na Djougou, inda babu tele. Da zai shiga mota ya ce in kalla, in kawo masa labari da bakina.

Na kalla, raina ya ɓaci. Mai kisan wani baƙo ne da ba mu taɓa gani ba, aka fito da shi ana dab da tashi, ya zauna ya amsa laifi ba wanda ya matsa masa. Abokan aikin ɗan sandan da muka saba da su, ko sallama ba a bari sun yi ba. Sannan aka bar ɗan sandan zaune shi da mai kisan a ɗaki ɗaya, shiru mai tsawo, har na tashi na sha ruwa na dawo.

Na yi jinkirin zuwa, kasuwa ta riƙe ni, ko kuma ni na riƙe ta. Da na isa Onklou a kan babur na tarar da shi ƙarƙashin mangwaro, ya rame. Na zazzage masa komai, har da ƙorafina. Ya yarda cewa kawo baƙo a ƙarshe ha'inci ne, ya ce masu fim sun gaji ne suna son su tafi gida. Daga nan ya gyara zama.

"Da suka zauna shiru, hannunsa me yake yi?"

"Hannun wa, Baba?"

"Na yayan. Ya dunƙule ko ya saki?"

Ban sani ba. Kunnena na wurin magana, da magana ta ƙare sai na ɗauka aikina ya ƙare. Na ce masa ban lura ba. Ya daɗe yana kallon gona, sannan ya ce in je in gaida innata a cikin gida.

Baba bai kai wata damina ba, ya rasu. Bayan shekaru na samu kashin a waya, na zauna bayan shago na kalle shi a nitse. Baƙon yana nan yadda yake, har yanzu ban yafe wa masu fim ba. Amma shirun nan shi ne abu mafi kyau da suka taɓa yi. Ɗan sandan ya dunƙule hannu a kan tebur, yatsu suna buɗewa a hankali, daga ƙarshe ya tura wa mutumin kofin ruwa.

Ya saki, Baba. Da na zauna a wurina ranar nan, da ka ji wannan da kunnenka.