Ƙarar Babur ɗin Bappa

Babur ɗin na Bappa ne, yayan mahaifina. Malamin dabbobi ne shi a da, kuma a kan wannan babur ya zaga rugagen ƙasar Gassol yana yi wa shanu allura. Da idonsa ya rufe, sai ya ce in ɗauka in riƙa zuwa aiki da shi, kada ya lalace a zaure. Tsohon ƙira ne mai nauyi, tankinsa ya koɗe, irinsa ba ya wuce ɗaiɗai a Jalingo.

Wata safiya na buga kik a ƙofar gidanmu a Abbare, injin ya tashi da wani ƙas-ƙas da ban saba ji ba. Bappa yana zaune a tabarma, ya karkatar da kai.

"Tafet ne, can a saman injin," in ji shi. "Ka kai a ɗaure."

Na kai wa wani bakanike a Majidaɗi, dattijo Bamumuye da ya saba da tsofaffin injuna. Ya ɗaure tafet kamar yadda aka ce, ƙara ba ta tafi ba. Da na faɗa wa Bappa, sai ya ce bakaniken ne bai iya ba.

Ana nan aka yi mana rasuwa a garin Mutum Biyu, na goya Bappa muka tafi ta'aziyya. A wani hawa na murɗa totur, injin ya yi kuka sosai amma babur bai ƙara gudu ba. Warin ƙonewa ya taso. Muka sauka, ina tura babur, shi yana riƙe da ƙarfen ɗora kaya na baya yana bina a hankali, har muka haye. Da muka dawo gida, ya ce gobe da shi za a je garejin.

Bakaniken ya ba shi benci, ya tayar da injin. Ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya kafa kunne a ƙotar, yana matsawa daga sama zuwa ƙasa. Sannan ya kamo hannun Bappa ya damƙa masa.

"Baba, ka ji nan. Sama ba magana. Ƙasa ne tana kuka."

Bappa ya saurara. Bakaniken ya matse kuloci, ƙarar ta ɗauke. Ya saki, ta dawo. Suka maimaita har Bappa ya ɗago kai.

"Ba tafet ba ne," ya ce, ya miƙa masa sukudirebansa.

Aka tsiyaye baƙin mai, aka buɗe murfin gefe. Farantan kuloci sun cinye sun yi santsi, shi ya sa suke zamewa a hawa. Kwandon da ke riƙe da su kuma haƙoransa sun yi gurbi-gurbi, a nan suke kaɗawa. Bappa ya bi kowane haƙori da ɗan yatsa, ya ce tun da ya sayi babur ɗin ba a taɓa buɗe wurin ba.

An nemi kayan a shagunan gari ba a samu ba. Bakaniken ya goge gurabun da zarto, ya samo farantan wani babur ya rage musu kunnuwa har suka zauna, ya jiƙa su a mai kafin ya ɗaura. Zamewa ta daina. Ƙarar ta ragu, amma ya ce ba za ta tafi duka ba sai da sabon kwando.

Ranar da muka karɓo babur ɗin, da la'asar, muna wucewa ta filin ƙwallon wata firamare Bappa ya taɓa kafaɗata.

"Akwai mutane a filin?"

"Babu kowa, Bappa."

"To sauka ka koma baya."

Na koma baya. Ya laluba ya kama kan babur, ya sa giya, ya saki kuloci a hankali, babur ya ɗaga ba tare da fizga ba. Ina bayansa ina cewa ku yi dama, ku miƙe, ku rage. Muka zaga filin, ya canja giya ya sake saukowa, ya tsaya kusa da turken raga.

Ya sauka ya kaɗe rigarsa. Ya ce kulocin yana kamawa da wuri, gobe in koma a gyara wayar kulocin.