Ranar da na harba bindiga da hagu

Ko na tsufa na manta inda na ajiye tabarau, ba zan manta Asabar ɗin da ƙawata ta ja ni filin harbi a Kuala Lumpur ba.

Lokacin ina digiri na uku a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak, kuma na gaji. Wallahi na gaji. Binciken da nake yi Yayana ne ya zaɓa min, wai shi ke kawo aiki a gida. Duk babin da na kai wa malamina sai ya dawo min da shi jajur da biro. Na riga na yanke shawara ranar Litinin zan ce masa na haƙura, in tattara in koma Kano.

Ƙawar nan tawa, da muke haya tare a unguwar Sri Petaling, ita kaɗai na faɗa wa. Ta ce, “To kafin ki gudu, tashi mu je ki harbi wani abu, ko kya huce.”

Na bi ta ne don ba ni da ƙarfin musu. Wurin shiru, sai sanyin na'ura. Bindigar iska ce, harsashinta bai fi ƙwayar dawa ba, ga takarda can nesa da baƙin ɗigo a tsakiya. Wata dattijuwa 'yar Malay ce ke koyar da sababbi. Ta kafa min bindigar a kafaɗar dama, na harba, na sake, na sake. Takardar ko ƙwarzane. Hannuna ya sage, wuyana ya riƙe, ƙawata kuwa sai dariya take: “Hajiya, bangon mutane ya yi miki laifi ne?”

Na ajiye, na ce ni ko nan ma ba na iyawa. Na kai hannu na gyara hijabina, na ɗauki gorar ruwa. Ashe dattijuwar na kallona. Ta ce da Turanci da hagu na yi duk waɗannan, in mayar da bindigar kafaɗar hagu.

Ni bahaguwa aka haife ni. Kakata, Allah ya jiƙanta, da zane ta riƙa ɗaure min hannun har na koyi rubutu da dama. Na ce wa dattijuwar a'a, a wurinmu ba a yi. Ta ce, “Ai ba abinci za ki ci da shi ba. Boleh lah,” wato da yarensu za ki iya.

Na juya bindigar ina jin kunya kamar Kaka na tsaye a bayana. Sai kawai bindigar ta zauna daram. Idona ya ga ɗigon sarai. Na harba, rami ya fito a gefen baƙin. Ban yi murna ba, kuka ne ya zo min, na tuna shekarun da na yi ina zagin kaina da rashin kai.

Ranar Litinin na je wurin malamina. Ban ce na haƙura ba, na ce zan canza bincike zuwa wanda nake so tun farko. Ya ƙara min shekara guda, Yaya ya yi fushi, amma na gama.

Har yau da dama nake cin abinci. Sai dai na gane wata gajiyar ba ta yawan aiki ba ce, ta yin sa ce da hannun da wani ya zaɓa miki. Yanzu in ɗaliba ta zo ofishina ta ce ta gaza, sai in fara tambayarta wa ya zaɓa mata.